Kajin da Ya Aisa ta Ɓoye

A wani ƙauye na karkarar Tirmini, nesa da kwalta, aka haifi Aisa. Kakarta ta wajen uwa Babarbariya ce, ita ta raɗa mata sunan yadda mutanensu ke faɗinsa, kuma da ta girma sai garin duka ya bi bakin ƙannenta, kowa na ce mata Ya Aisa. Ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba, karatun allo ma iyakarta abin da za ta yi salla da shi. Abin da ta sani, wanda ba wanda ya taɓa ja da ita a kansa, shi ne kaza.

Tana 'yar shekara tara kakar ta ba ta wata kaza ja mai gajerun ƙafafu, ta ce ta riƙe ta gani ko tana da hannu. Ashe tana da shi. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, bayan kwanoni da tabarmi, har da kwando biyu na jikokin kazar nan aka ɗora wa jaki. Irin nasu daban ne. Ba su da girma, amma ba sa barin ƙwai in sun hau kwanci, kuma shaho bai cika samun sa'ar 'ya'yansu ba. Ya Aisa kan ɗaga ƙwai ta duba shi a hasken rana ta ce wannan zai fashe, wannan a dafa. Da damina takan bi gindin ƙaya ta kwaso ƙwan zabi ta sa wa kajinta, don zabuwa ba ta iya reno ba. Da sassafe tana fita da tsohuwar tukunya ta haƙo wa 'yan tsaki gara. In sanyi ya shigo, sassaƙen maɗaci ba ya fita daga kaskon ruwansu. Duk yarinyar da aka aurar a unguwarsu, Ya Aisa sai ta ba ta budurwar kaza ɗaya, ba ta jira a roƙe ta. Da haka rabin kajin garin suka zama jinin nata.

Mijinta Mutari mai haƙar rijiya ne. Ya yi shekaru yana shiga ƙasa, har gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya koma noman gero da kiran salla a masallacin gari. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma an san shi da abu ɗaya: ba ya faɗin abin da bai gani ba. In aka yi rikicin iyakar gona, shi mai gari ke aika wa, ya zo ya nuna inda ya san gambar da ke raba iyakar take tun zamanin iyaye, magana ta mutu. Sun haifi 'ya'ya biyar, huɗu suka koma tun suna ƙanana. Wadda ta rayu, Zahra'u, wani tela ya aure ta ya kai ta Zango, cikin Damagaram. Gida ya rage daga tsoho sai tsohuwa sai kaji. Sabulu, gishiri, maganin gwiwa, turmin zane na salla, duk daga akurki suke fitowa.

Ta haura arba'in lokacin da aka fara jin sunan murar tsuntsaye a rediyo. Aka ce cuta ce da ke kashe kaji rana ɗaya, kuma tana iya tsallakawa jikin mutum. Ba a daɗe ba sai ga mota ta shigo garin da wasu mutane cikin fararen kaya, har fuska a rufe, jandarmomi na rakiyarsu. Suka ce an ga cutar a ƙauyen da ke kusa, saboda haka duk abin da ke da fiffike a gida sai an kashe. Ya Aisa na da kaji da zabi sama da sittin, ko ɗaya ba ta rausaya ba. Da hannunta ta kama su, don ba ta son a fafare su a tsakar gida. Aka zuba su a rami a bayan gari, aka watsa isansi aka sa wuta. Washegari garin ya wayi gari shiru, har Mutari ya makara kiran asuba, abin da bai taɓa yi ba.

Ta yi wata biyu tana shara a tsakar gidan da ba abin sharewa. Daga baya ta tuna wata yarinya da ta ba kaza, wadda aure ya kai wajen Garagumsa, inda kisan bai kai ba. Ta shirya ta tafi, ta kwana biyu a hanya, ta dawo da 'yan kaji biyu jajaye a cikin ƙwarya. Daga su ta sake tashi. Sai da ta shekara shida kafin tsakar gidan ta koma kamar da.

Shekaru suka wuce, gashinta ya yi fari, sai cutar ta dawo. Wannan karon a cikin garin ta fara, a gidan wani dillali da ke sayo kaji daga kasuwanni. Da safe aka tarar da nasa a zube, zankonsu ya yi baƙi, kawuna a kumbure. Mai gari ya sa aka yi shela cewa ma'aikatan dabbobi za su zo jibi, kowa ya tara nasa.

Ya Aisa ba ta yi shawara da kowa ba. Ranar da za su zo, bayan sallar asuba, ta zaɓi kaji bakwai mafiya kyau. Ba ta ɗauki zakara ba, don zai tona ta. Ta kife su da kwanduna a ƙarƙashin gadon ƙarfen da suke kwana a kai, ta sako zanen gado har ƙasa, ta toshe tagar da tsumma, domin kaza a cikin duhu ba ta da baki. Tana cikin haka Mutari ya dawo daga masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, ita kuma tana durƙushe ba ta ɗago ba.

Ya ce, "Aisa, an ce duka."

Ta ce, "Malam, wancan karon na ba su duka, lafiyarsu lau. Yanzu ba ni da ƙafar zuwa Garagumsa, ba ni da shekara shida. Waɗannan kawai."

 Sai ya ajiye butarsa ya fita.

Da hantsi ma'aikatan suka iso, suna bi gida gida tare da mai gari, jama'a na biye. Ya Aisa ta miƙa sauran, kwando bayan kwando. Shugabansu, wani saurayi mai ladabi, ya tambaya ko akwai saura a ɗaki. Mai gari ya yi dariya ya ce a nan ba sai an shiga ba, gidan ladan ne, a tambaye shi kawai. Ya juya ya ce, Malam Mutari, da saura? Ya Aisa na bayan zana. Ta ji muryar mijinta, a hankali, ya ce, "Ba saura." Suka wuce gidan gaba.

Ranar bai ci tuwo ba. Bai yi mata faɗa ba, ita kuma ba ta yi masa godiya ba, don ta san ba abin godiya ba ne.

Kwana uku kajin na ƙarƙashin gado, tana ba su tsaba a tafin hannu. A rana ta huɗu ta ɗaga kwando ta ga ɗaya ta sunkuyar da kai, ruwa na zuba daga bakinta. Ta jiƙa maɗaci, ta daka barkono, ta ɗura mata. Kafin azahar ta mutu. Cikin kwana biyu sauran shidan duk suka bi ta. Ya Aisa ta haƙa rami a makewayi ta binne su ɗaya bayan ɗaya, ta share ɗakin, ta yi turare. Ta ɗauka abin ya ƙare a nan, asara ce kawai, ita da Allah.

Sai Mutari ya fara tari. Da ma lokacin sanyi ne, kuma tsoho ne da ke fita da duhun asuba, amma ba wanda ya kawo wannan a ransa cikin su biyun. Zazzaɓi ya rufe shi, gefen ƙirjinsa na suka in ya ja numfashi. Suka dubi juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani. Mako guda ya yi yana kwana a saman kajin nan.

A rana ta biyu da kwanciyarsa ta ce a nemi amalanke a kai shi gidan likita, wajen majo, babban ma'aikacin lafiya na yankin. Mutari ya ƙi. Ya ce abu na farko da majo zai tambaya shi ne ko ya taɓa kaza marar lafiya, kuma shi ba zai yi ƙarya sau biyu ba. In kuwa ya faɗi gaskiya, kafin la'asar garin duka ya san abin da ladan ya yi a gaban mai gari. Ya ƙara da cewa ai sun ji a rediyo, wannan cuta in ta kama mutum da wuya ya tashi, to me zai sa ya je ya mutu a hannun baƙi da kunya a kansa. Ta yi kuka, ta ce laifinta ne, ta yarda a faɗa. Ya ce ba ita aka tambaya ba.

Ita ma a can cikin ranta tsoro ne fal. Tana tuna jandarmomin da suka rako ma'aikatan, tana tuna ramin da wutar. Sai ta bi tasa. Ta dafa masa citta da kanumfari, ta gasa masa ƙirji da tsumma mai ɗumi, ta wanke allo ta ba shi. Da maƙwabciyarta Jummai, ƙawarta ta shekara talatin, ta leƙo duba shi, Ya Aisa ta tare ta a zaure ta ce mura ce, ya samu barci. Mutanen masallaci suka zo, su ma a zaure suka tsaya. Ba don ɓoye sirri kaɗai take tare su ba, tana tsoron su ɗauka.

Kwana tara aka yi haka. Jummai ce ta ga abin ya wuce mura, ta ari waya ta kira Zahra'u a Zango. Zahra'u ta iso da rana tsaka a kan kabu-kabu, ta shiga ɗaki ba sallama, ta tarar da ubanta ya rame, leɓɓansa sun canza launi, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ba ta saurari kowa ba. Ta sa aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin kwalta, daga nan mota ta kai su asibiti a birni.

Likitan da ya karɓe su ya sa abin saurare a bayan tsohon, ya ɓata fuska, ya tambayi kwana nawa. Da aka ce tara, ya girgiza kai. Sannan ya yi tambayar da suka gudu: daga inda suka fito an kashe kaji, ko majinyacin ya yi mu'amala da marasa lafiya? Mutari ba ya cikin hayyacinsa. Zahra'u ta buɗe baki za ta ce a'a, don iyakar saninta ke nan. Ya Aisa ta riga ta. Ta faɗi komai, bakwai ɗin, gadon, ramin makewayi. Tana faɗa tana kallon ƙasa, 'yarta na kallonta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Likitan bai zage ta ba. Ya yi abin da aikinsa ya ce. Aka keɓe Mutari a ɗaki shi kaɗai, masu shiga sai da safar hannu da rufin fuska, aka ɗebi majinarsa aka aika Yamai don a gwada. Ya Aisa da 'yarta ma aka ajiye su gefe ana auna zafin jikinsu safe da yamma. Ta gilashin taga kawai take hango shi. Kwana biyu ya yi, a na uku da hantsi ya cika, ba kowa nasa a kusa. Ma'aikata ne suka yi masa wanka. Mutumin da ya shekara ashirin yana tara gari guda a sahu, waɗanda suka sallace shi ba su cika goma ba, kuma a maƙabartar birni aka sa shi, nesa da iyayensa.

Kafin ta koma gida labari ya riga ta. Ma'aikata sun sake zuwa garin, sun tone makewayinta, sun fesa magani a ɗakin, sun ƙona katifar da gadon ya ɗauka, sun bi maƙwabta suna dubawa. A ranar kasuwa matan garin suka kai ƙuli-ƙuli da daddawa ƙauyen gaba, ba wanda ya saya, aka ce daga garin masu cuta suke. Ta dawo ta shiga takaba a ɗakin da ke warin magani. Masu ta'aziyya suka zo, amma daga zaure suke, kuma ruwan da aka miƙa musu ba wanda ya sha. Jummai ta zo sau ɗaya. Ta ce ba kajin ke mata ciwo ba, abin da ke mata ciwo shi ne jikokinta sun yi ta wasa a jikin katangar nan duk kwanakin, kuma an dube ta ido da ido an ce mata mura ce.  Jummai ta tashi, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Abin da ya fi karya ta ba a gabanta aka yi shi ba. Wani mutum da ya taɓa rasa wani yanki na gona a kan shaidar Mutari ya tafi wajen mai gari ya ce a sake duba maganar, tunda an ga mai shaidar na iya yin ƙarya. Wani ma ya biyo bayansa. Rikicin da aka binne shekara goma sha biyar ya tashi, har aka fasa wa wani kai a bakin iyaka. Sunan Mutari ya shiga bakin mutane ta hanyar da bai taɓa shiga ba yana raye, kuma ba ya nan balle ya ce uffan.

Tana da wata guda da rabi a takaba sai majo ya zo da kansa a kan babur. Ya zauna a tabarma kusa da ita, har ya sha ruwan da ta kawo. Ya ce sakamako ya dawo daga Yamai. Ba murar tsuntsaye ce ta kashe Malam ba. Ciwon haƙarƙari ne, irin wanda sanyi ke kawo wa tsofaffi kowace shekara. Ya zo da murna ne, a ganinsa ya kawo mata wankin suna.

Ta ce, "Majo, wannan ciwon kuna da maganinsa?"

Ya ce akwai, allura ce ta 'yan kwanaki.

Ta ce, "A nan gidan likitanku?"

Sai a lokacin ya gane inda ta nufa. Ya ce rai na hannun Allah, wanda kwanansa ya ƙare ba allurar da ke tsai da shi. Ta ce haka ne. Ta raka shi har zaure, ta yi masa godiya, ta dawo ta zauna inda ya tashi har rana ta faɗi.

Majo ya gaya wa mai gari, mai gari ya faɗa a masallaci. Wasu suka yarda, wasu suka ce an rufe ne kawai don kada hankali ya tashi. Ko waɗanda suka yarda, ba abin da ya sauya musu, domin ƙaryar dai an yi ta. Da ta fita takaba, damina na gabatowa, ba mai nome mata gonar. Zahra'u ta zo ta kwashe ta. Ya Aisa ta bar wa ɗan ƙanen Mutari gidan da gonar. Ranar tafiyar mutum huɗu ne suka raka ta bakin gari.

Yanzu tana Zango, a wani gidan haya da iyali uku ke zaune, tsakar gidansa siminti ne, faɗinsa bai fi tabarma huɗu ba. Ɗakinta na jikin shagon surukinta, keken ɗinki na kuka daga safe har magariba, babura na wucewa a bakin ƙofa. Surukin mutumin kirki ne, bai taɓa nuna mata gajiya ba. Zahra'u ma tana yi mata komai, abinci, wanki, magani, amma maganar ubanta ba ta taɓa haɗa su ba, kuma in uwar ta ɗauko ta, sai 'yar ta tuna tana da tukunya a wuta. A unguwar ba wanda ya san ta da wani abu. Tsohuwar gidan tela suke ce mata.

Wata rana wata maƙwabciya da ke ajiye kaji uku a bayan ɗaki ta zo tana ƙorafi cewa ƙwai goma ta sa, biyu kawai suka fashe. Zahra'u ta ce ai ga gwana a zaune, ta nuna uwarta. Matar ta juyo da fara'a tana jira. Ya Aisa ta dubi hannuwanta ta ce an daɗe, ta manta.

Idanunta sun fara hazo, ƙafa ma ta yi nauyi. Kowane wata ana kai ta awon jini a wani ƙaramin gidan likita na unguwa, ma'aikatan na sauyawa, yau wannan gobe wancan. Duk sabon da ta samu, bayan ya gama aunawa, sai ta riƙe hannun rigarsa ta ce tana da tambaya, ba tata ba ce, ta wata ce. Tsoho mai ciwon haƙarƙari, in an kawo shi a rana ta biyu, yana tashi? Mafi yawansu yara ne, ba su san dalilin tambayar ba, sai su ce mata ƙwarai kuwa Inna, yana tashi. Sai ta gyaɗa kai, ta laluba takalmanta, Zahra'u ta kama ta su fito.